Tarihin keken dutse da abin da yake koya wa mai saye



Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, ya leƙa wurin masu kekuna, zai ga iri biyu. Ga baƙin keken nan da muka sani tun zamanin iyayenmu, mai sanda a tsakiya da kariya a baya. Ga kuma wani mai kaurin taya, mai giya da yawa, wani har da sifirin gaba da baya. Da yawansu na hannu ne. An hau su a ƙasashen Turawa kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome. Faransawa suna kiran irin wannan keke da haruffa uku, VTT, wato keken kowace irin ƙasa. A Amurka, inda aka haife shi, sunansa keken dutse.

Wani maƙwabcina ya sayar da wakensa bayan kaka, ya tafi birni ya sayo irinsa. Ja ne, yana walƙiya, sifirin gaba, sifirin baya. Ranar da ya iso da shi, yara har rakiya suka yi masa. Da ranar kasuwa ta zo, ya nemi inda zai ɗaura buhu, babu. Keken ba shi da kariya, ba shi ma da wurin ɗaura ta. Ga shi kuma ya yi masa girma. In ya tsaya, sai ya karkace kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Kafin damina ta faɗi, sifirin baya ya fara kuka da girgiɗi. Mai gyaran garinmu ya duba, ya ce ba shi da kayansa. Yau keken yana jingine cikin zaure, kaji suna kwana a kansa. Kuɗin wake sun tafi.

Ba wanda ya cuce shi. An ƙera keken ne domin wani aiki dabam, a wata ƙasa dabam. Kowane ƙarfe da ke jikin keke, wata wahala ce ta sa aka ƙago shi. In mun san wahalar, za mu gane ko tamu ce ko ta wasu. Don haka bari mu waiwayi tarihi, tun da waiwaye adon tafiya ne.

Dokin itace

A shekarar 1817, a garin Manhaim na ƙasar Jamus, wani mutum mai suna Karl Drais ya haɗa ƙafa biyu a jere da katako. Ba feda, ba sarƙa. Mutum yana zaune bisa, yana tura ƙasa da ƙafafunsa. Da wannan abu ya yi tafiyar kilometir kamar 14 cikin wajen awa guda. Shi ne kakan kekuna duka.

Sai a shekarun 1860, a birnin Pari, maƙera irin su Pierre Michaux da Pierre Lallement suka sa feda a jikin ƙafar gaba. Ƙafafun na itace ne, an naɗe su da ƙarfe kamar na amalanken da. Titunan Turai a lokacin shimfiɗar duwatsu ce. Mai hawa yana jin kowane dutse har cikin haƙoransa. Ingilishi suka yi wa keken laƙabi da mai girgiza ƙashi. Tun daga ranar, masu ƙera keke suke fama da tambaya guda: yaya za a raba jikin mutum da dukan hanya?

Zamanin da ake auna ƙafar mutum

Amsar farko ita ce a ƙara girman ƙafar gaba. Babbar ƙafa tana haye rami ba tare da ta faɗa ciki ba, kuma juyi guda na feda yana kai mutum nesa. A shekarun 1870, a garin Kobentiri na Ingila da wasu wurare, aka riƙa ƙera keke mai ƙafar gaba da ta kai metir ɗaya da rabi, da ƴar ƙaramar ƙafa a baya. Mai hawa yana can sama kamar kan raƙumi.

Tun da feda tana tsakiyar babbar ƙafar, tsawon ƙafar mutum ne ke faɗin girman keken da zai iya hawa. Kafin a sayar maka, sai an auna ka kamar wurin tela. Dogo da nasa, gajere da nasa. Amma keken yana da haɗari. In ƙafar gaba ta bugi dutse, sai mutum ya wuntsila ta ka.

A shekarar 1885, John Kemp Starley, shi ma a Kobentiri, ya fito da keke mai suna Rover. Ƙafafunsa biyu sun kusa zama daidai, sarƙa ce ke juya ta baya, mai hawa yana zaune a tsakiya kusa da ƙasa. Wannan siffa ce muke hawa har gobe. Mata da tsofaffi suka samu damar hawa, tun da ana iya ɗaga sirdi ko a sauke shi.

To, saukin nan ya sa mutane da yawa suka manta da awo. Sirdi yana hawa yana sauka, amma ƙashin keke, wato ƙarfen da ya haɗe komi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Mu duka mun ga yaro yana tuƙa keken ubansa ta ƙarƙashin sanda, jikinsa a karkace. Yaro zai girma ya kai keken. Baligi ba zai ƙara tsawo ba.

Ga yadda ake gane keken da ya dace da kai. Na farko, ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a samu faɗin yatsa uku ko fiye tsakanin sanda da jikinka. A hanya marar kyau mutum yakan dira ba shiri, in sanda ta yi tsawo sai ta ji masa rauni. Na biyu, ka hau sirdi, ka dafa bango, ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak, tsawon sirdi ya yi. Sa'ad da kake tuƙi da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. In sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ke ciwo. In ya yi sama, kwankwaso ke rangaji. Na uku, ka kama kan keke. In sai ka miƙe hannu ƙarshen miƙewa, keken ya fi ƙarfinka. In gwiwarka tana neman bugun kan keke, ya yi maka kaɗan.

Masu son lissafi, akwai wanda wani mai horar da ƴan tseren keke a Faransa, Cyrille Guimard, da ɗan tserensa Greg LeMond suka yaɗa a shekarun 1980. A auna tsawon ƙafa ta ciki, daga ƙasa zuwa matsematsi, a ninka da 0,883. Mai ƙafar santimetir 80 zai samu santimetir 70 da rabi. Wannan shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar ƙarfen da feda ke juyawa a kai da saman sirdi. A jikin sandar sirdi kuma akwai zane. Kada a jawo ta sama har zanen ya fito fili, don tana iya fasa ƙashin keken.

A jikin kekunan yanzu ana rubuta girma da harafi: S ƙarami, M matsakaici, L babba, XL babba ƙwarai. Tsofaffin suna da lamba, kamar 15, 17, 19 ko 21. Inci ne, kuma inci guda santimetir biyu da rabi ne. Harafin yana nuna hanya kawai, don M na wannan kamfani ba lalle ya zama M na wancan ba. Gwaji shi ne alƙali.

Sifirin ya zo, iska ta kore shi

Mutane da yawa suna zaton sifirin sabon abu ne a jikin keke. Ba haka ba ne. Keken Starley yana da taya ta roba zalla, ba iska a ciki, kuma ƙananan ƙafafu sun fi jin duka. Saboda haka tun wajen 1885 wasu maƙera a Landan suka fito da keke mai suna Whippet, wanda ƙashinsa ke da gaɓoɓi da sifirin. Ya samu kasuwa na ɗan lokaci.

Sai ga wani likitan dabbobi a garin Belfas, John Boyd Dunlop. Ɗansa ƙarami yana shan wahala da kekensa mai ƙafa uku. Uban ya naɗa wa ƙafafun robar da aka hura wa iska. A shekarar 1888 ya yi rajistar wannan dabara. A 1891 kuma ƴan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka yi tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. A shekarar ce Charles Terront ya ci tseren Pari zuwa Bires da dawowa, wajen kilometir 1.200, da irin wannan taya.

Cikin ƴan shekaru kekuna masu sifirin suka ɓace daga kasuwa. Iskar da ke cikin taya ta fi sifirin sauƙin nauyi, ta fi shi araha, kuma ba ta da gaɓar da za ta ci. Har yau, taya ita ce sifirin na farko a jikin kowane keke.

An gwada ƙarfin wannan keke a shekarar 1897. Wasu sojojin Amurka baƙar fata su 20, ƙarƙashin wani hafsa mai suna James Moss, suka taso daga Misula a jihar Montana zuwa birnin San Luwis. Tafiyar kilometir kamar 3.000 ce, suka yi ta cikin kwana 41. Sun haye duwatsu, sun ratsa taɓo da rairayi, kowa da kayansa da bindigarsa. Kekunansu giya ɗaya ce, ba sifirin.

Daga zuriyar irin waɗannan kekuna ne baƙin keken iyayenmu ya fito. Kamfanin Raleigh na garin Notingam ya cika Afirka ta Yamma da shi, har a Kano an yi masana'antar haɗa shi. Daga baya na ƙasar Sin da na Indiya suka biyo sahu. An yi shi ne don ɗaukar kaya da daɗewa, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa.

Samarin Kalifoniya

A shekarar 1933, kamfanin Schwinn na birnin Shikago ya fito da keken yara mai taya mai kauri, girmanta inci 26, faɗinta ya haura inci 2. Keke ne mai nauyi da ƙarfi. Bayan shekara arba'in, tsofaffinsa suna zube a bola da shagunan kwance, ba mai so.

A farkon shekarun 1970, wasu samari a yankin Marin, arewa da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya, suka fara tsintar su. Akwai wani babban dutse a yankinsu mai suna Tamalpais, da hanyoyin ƙasa da aka share domin motocin kashe gobarar daji. Sai su kai tsofaffin kekunan sama, su gangaro a guje. Ba kasuwa za su ba, ba gona ba. Wasa ne kawai.

Ranar 21 ga watan Oktoba na 1976 suka yi tsere na farko a wata gangara kusa da garin Fairfax. Tsawonta kamar kilometir 3 ne, amma daga samanta zuwa ƙasanta metir 400. Gwanayensu suna sauka cikin ƙasa da minti 5. Birkin kekunan yana cikin cibiyar ƙafar baya, irin wanda ake takawa da mayar da feda baya. Kafin a kai ƙasa, birkin ya yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi. Dole a kwance a sake cusa sabo. Daga nan tseren ya samu sunansa, Repack, wato sake cusawa.

Gangarar tana karya musu kekuna, su kuma suna neman magani. Suka ɗauko hannun birkin babur. Suka sa giya don su iya hawa da kansu. A 1977, ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera sabon ƙashin keke musamman domin wannan aiki. Wannan keke yana ajiye yau a gidan tarihi a birnin Washinton. A 1979, Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe shago suna sayar da kekunan da Tom Ritchey ke ƙera wa ƙashi. A 1981 kamfanin Specialized ya sa aka ƙera masa irinsu da yawa a Japan, da sunan Stumpjumper. Ƙarfe ne, giya 15, kuɗinsa dalar Amurka 750. Daga nan abin ya bazu duniya. A Faransa an fara tseren Roc d'Azur a 1984.

A lura da abu guda. Duk waɗannan kekuna na farko ba su da sifirin ko ɗaya. Abin da ya mai da su keken dutse shi ne ƙashi mai ƙarfi, taya mai kauri, birki mai kamu, da giya mai sauƙi ta hawan tudu.

Daga Damagaram zuwa Tamanrasset

Ƙasarmu ma tana da nata gurbi cikin wannan tarihi. A shekarar 1980, wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya taso daga Damagaram a kan keke mai tayoyi masu kauri ƙwarai, ya nufi Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. A 1986 kuma ya ratsa Sahara daga birnin Alje zuwa Tambutu, da keke mai ƙafa uku a jere, da tayoyin da Michelin ta yi masa. Abin da ya dogara da shi, kowane mai raƙumi ya san shi. Tafin raƙumi mai faɗi ne mai taushi, shi ya sa ba ya nutsewa. Kofaton jaki siriri ne, sai ya lume.

Wannan darasi ya shafi mutanen Gulbin Maraɗi da duk inda rairayi ya yi yawa. Taya mai faɗi, wadda ba a cika mata iska tam ba, ta fi tafiya bisa rairayi. A kan kwalta kuwa, a ƙara iska. A ƙasar duwatsu irin ta Adar, wajen Keita da Buza, kada iska ta yi kaɗan ainun, don dutse zai matse robar ciki ya huda ta wuri biyu. Maganin tsidau da ƙayar aduwa kuma shi ne taya mai kaurin fata da kayan faci a aljihu.

Akwai wurin da karatu ke ceton kuɗin mutum. A gefen kowace taya an rubuta lambobi. Za ka ga kamar 54-559. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu faɗin da'irar ƙarfen da tayar ke zama a kai, duka da milimetir. Baƙin keken iyayenmu mai inci 28, lambarsa 635. Keken dutse mai inci 26, lambarsa 559. Wajen shekarar 2000 aka fito da mai inci 29, lambarsa 622. Bayan 2010 kuma mai inci 27,5 ya yaɗu, lambarsa 584. Ka ga ke nan tayar 29 ba ta shiga ƙafar 28, ta 27,5 ba ta shiga ƙafar 26. Kafin ka biya kuɗin keke, ka karanta lambar tayarsa, ka zaga wurin masu kayan gyara ka tambaya ko suna da ita. Ka duba bakin iska ma. Iri uku ne, kuma siririn nan na Turawa ba kowane famfo ke kama shi ba.

Dawowar sifirin

Ƴan tsere suna ƙara gudu, hannuwansu suna gajiya da duka. A 1989, wani makanikin baburan tsere a Amurka, Paul Turner, ya fito da gwafar gaba, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar gaba, wadda ke nutsewa tana tasowa kamar ta babur. Sunan kamfaninsa RockShox. Ta farko tana nutsewa kamar santimetir 5. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko ta keken dutse a garin Durango na jihar Kolorado. Greg Herbold ya ci tseren gangara da wannan gwafa. Sai kowa ya ce shi ma ita yake so. Ba a daɗe ba aka ƙara sifirin a baya. A 1996 keken dutse ya shiga wasannin Olimfik a birnin Atlanta. A na Pari, a 2024, Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya zo na uku.

Sifirin na ƙwarai abu biyu ne a haɗe. Akwai mai ɗaukar nauyi, ko murɗaɗɗen ƙarfe ko matsattsiyar iska. Akwai kuma mai da ke bi ta ƙananan ƙofofi a ciki, yana hana sifirin tasowa da ƙarfi. In babu man, keke sai ya riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Da kasuwa ta buɗe, aka cika ta da kekuna masu araha masu kamar na tsere. Sifirinsu ƙarfe ne kawai ba mai, ga nauyi, ga saurin lalacewa. Ido yana ganin ado, ƙafa tana biyan kuɗinsa, don wani kashi na ƙarfin da kake taka feda yana tafiya cikin lilo.

Wanda kekensa ke da sifirin, ga yadda zai daidaita shi da nauyinsa. Ka ɗaura zare a jikin ƙarfen gwafa mai sheƙi, ka tura shi ƙasa har ya taɓa baki. Ka hau a hankali kana dafe da bango, ka zauna yadda kake tuƙi. Ka sauka a hankali, ka auna inda zaren ya matsa. A gaba, ya kamata ya matsa kashi ɗaya cikin biyar na dukan nutsewar gwafar. In tana nutsewa santimetir 10, zaren ya matsa santimetir 2. A baya, kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye kaɗan. In ya wuce haka, sifirin ya yi maka taushi, zai riƙa bugun ƙarshe. In bai kai ba, ya yi tauri, ƙafar keken ba za ta bi ƙasa ba. Mai murɗaɗɗen ƙarfe yana da maɓalli a sama da ake juyawa. Mai iska kuwa sai da ɗan famfonsa na musamman, famfon taya ba ya yi. Bayan haka ka danna kan keke da ƙarfi ka saki. Ya taso da sauri amma ba da harbi ba. Wasu gwafofin suna da makulli. A kan kwalta, a kulle.

Sifirin yana da ci. Kamfanin RockShox da kansa yana cewa a buɗe ƙasan gwafa a wanke a sake mai bayan kowace awa 50 ta hawa. Wanda ke hawa awa biyu kullum zai cika awa 50 kafin wata ya ƙare. Ga ƙurar hunturu tamu, wadda ke shiga ko'ina tana cin roba da ƙarfe. Ko ba komi, a riƙa goge ƙarfen mai sheƙi da tsumma bayan kowace tafiya.

Ɓauna

Ga wani labari da ya kamata mu yi tunani a kansa. A 2002, kamfanin SRAM na Shikago, mai yin giyar keke, ya sayi RockShox. A 2005, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SRAM, F.K. Day, tare da matarsa, suka kafa ƙungiyar World Bicycle Relief domin kai kekuna ga mutanen karkara. Da suka fara aiki a Zambiya, sai suka ga kekunan da ke kasuwa ba sa jure hanya da kaya. Suka zauna suka tsara nasu, suka sa masa suna Buffalo, wato ɓauna.

Waɗannan mutane sun san sifirin ciki da waje, su ke sayar da shi. Amma keken da suka yi wa manoma da ƴan makaranta da ma'aikatan lafiya ba shi da sifirin. Ƙashinsa baƙin ƙarfe ne mai kauri. Samfurin farko giya ɗaya ce. Kariyarsa tana ɗaukar kilo 100. Birkinsa na cibiyar baya ne, irin wanda ya ƙone wa samarin Kalifoniya a gangara. A ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba ya ƙonewa, kuma yana rufe, ƙura ba ta shiga. Abin da ya zama cuta a kan dutsen Tamalpais ya zama magani a ƙauye.

Ranar saye

Wannan ba yana nufin a guji keken dutse ba. Tsohon keken dutse na shekarun 1980 da 1990, mai ƙashin ƙarfe, mai inci 26, marar sifirin, yana cikin kekunan da suka fi dacewa da hanyoyinmu. Ya fi baƙin keke sauƙin nauyi, tayarsa ta fi faɗi, giyarsa tana taimako a tudu da gaban iska. Abin da ake so shi ne a zaɓa da sani.

Ka tafi da maganaɗisu. In ya manne a ƙashin keke, baƙin ƙarfe ne, kowane mai walda zai iya ɗinke shi. In bai manne ba, wataƙila alminiyom ne, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Ba shi da nauyi, amma in ya tsage ba kowane mai walda ke iya masa ba. Ka duba mahaɗun ƙarfe ko akwai tsaga. Ka duba kusa da cibiyar ƙafar baya ko akwai ƙananan ramukan ɗaura kariya. Ka juya ƙafafu ka ga ko suna rawa.

Birki mai matse gefen ƙafa da roba, gyaransa da sauƙi, robarsa tana ko'ina. Birki mai faifai, wanda ya yaɗu daga ƙarshen shekarun 1990, ya fi kamu cikin ruwa da taɓo. Amma iri biyu ne: mai waya da mai mai. Mai waya, mai gyaran ƙauye zai iya da shi. Mai mai in ya tsiyaye, sai an samu irin mansa daidai, don man iri biyu ne kuma ba a gauraya su. Giya ma haka. Yawanta ba shi ne amfaninta ba. Mai faranti 6 ko 7 a baya, sarƙarta ta fi kauri da araha. Mai 11 ko 12, sarƙarta siririya ce mai tsada, rairayi kuma ba ya raga mata.

Jerin tambayoyin ke nan, kuma a bi su daki-daki. Keken ya yi daidai da jikina? Ana samun tayarsa a kasuwarmu? Zai ɗauki kayana? Mai gyaranmu ya san shi? Sai bayan waɗannan huɗu a yi maganar sifirin. In da hali, ka tafi da mai gyaran garinku ranar saye, ka biya masa kuɗin mota. Shi ne zai zauna da keken bayan mai sayarwa ya manta da fuskarka.

Maƙwabcina ya ce in kaka ta yi kyau zai koma birni. Wannan karo ya yanki kara daidai tsawon ƙafarsa, ya kuma rubuta 559 da 635 a ƴar takarda ya sa cikin hula.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da asara. Sai fitowa ta gaba.